Auta ya makara a iyon rigingine, ko da sauran lokaci?

Baffa: Na kalli bidiyon Auta da kuka turo. Ya iya ruwa, ba musu. Amma zancen gasa ku bar shi, yaron nan ya makara. Shekararsa 14 fa. Krisztina Egerszegi ta ƙasar Hangari tana da shekara 14 ta ci zinaren mita 200 na rigingine a gasar Olamfik ta 1988. A shekarun da wata ta karɓi zinare, shi yanzu yake koyon juyi.

Yaya: Allah ya ƙara girma, Baffa. Ai ba yau ya fara ba. Tun yana ɗan mitsitsi yake faɗawa kududdufi a bayan gida, ana dukansa yana komawa. Ranar da muka je dam ɗin Tiga, manya ma tsayawa suka yi suna kallonsa.

Gwaggo: Kududdufin da ya sa masa tsargiya har da fitsarin jini? Kada wanda ya ƙara yabon wannan ruwan a gabana.

Kawu: Gwaggonsu ta yi gaskiya, kuma ni damuwata ta wuce nan. Kududdufi ba shi da bango. Mai rigingine ba ya ganin gabansa, sama yake kallo, shi ya sa a kwamin gasa ake rataya tutoci mita 5 kafin bango. Da ya gan su sai ya ƙirga hannu, ya kifa, ya wuntsila, ya tokari bango da ƙafa. Kwamin otal ɗin da nake kai shi babu tuta, tsawonsa ko mita 25 bai kai ba, na Olamfik kuwa 50 ne. Ranar Asabar a gabana ya gwara tsakar kansa da siminti, har ni na ji ƙarar. Ya fito ido jajir, ya dafe kai, ya ce mini, "Kawu, a sake." Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Yaron da zai faɗi haka ban isa in ce masa ya makara ba.

Yaya: Kirsty Coventry ma ai 'yar Zimbabuwe ce. Ta ci zinaren mita 200 na rigingine a Olamfik ta 2004, ta sake ci a 2008, a 2025 aka zaɓe ta shugabar kwamitin Olamfik na duniya.

Baffa: Ƙarasa mana, ɗana. A Jami'ar Auburn ta Amurka ta samu horo. Wa zai kai mana Auta can? Ga hunturu na tafe, wata nawa zai yi bai taɓa ruwa ba?

Kawu: Olamfik ba ita ce a gabanmu ba, Yallaɓai, gasar wasanni ta ƙasa nake hange. Na sayi igiya a kasuwar Kurmi, tela zai yanka mini ƙyallaye mu ɗaura tutocinmu. Saura mai riƙe agogo ranar Asabar.

Gwaggo: Ni zan riƙe, in dai ba kududdufi za ku ba.