Taƙaitawa: Abin da 'Yan'uwa Suka Ce Kan Sauraren Littattafai

Assalamu alaikum. Zancen da ake yi kan sauraren littattafai da karatu ta waya ya yi tsawo, shi ya sa na tattaro abin da mutanenmu na Jidda, Makka da Madina suka faɗa.

1. Kowa ya yarda sauraro ya fi dacewa da mai aiki: direba a hanyar Jidda zuwa Makka, tela a kan keke, mai aikin gida tana guga.

2. A sauke da wifi da dare, kada kuɗin data ya cinye riyal ɗin cefane.

3. Kan addini, yawanci sun ce tafsirin Sheikh Gumi da na Sheikh Ja'afar suke bi, kuma a tabbatar karatun cikakke ne, ba guntun da aka yanko ba. Nan aka rabu: wasu na kunna Alƙur'ani suna aiki, wasu suka kawo aya ta 204 a Suratul A'araf, cewa in ana karantawa a saurara a yi shiru. Ni dai hankalina ya fi kwanciya da na biyun. Wata ta ce sai ta ajiye soso, ta goge hannu, sannan take kunnawa.

4. Littattafan gyaran hali: wasu sun ce sun koya musu tanadi da haƙuri da kafili (uban gidan da ya ɗauki nauyin zaman mutum a Saudiyya), wasu sun ce a tace, ba duka ne suka dace da mu ba.

5. Labaran soyayya a YouTube suna rage kewar gida. Sai dai an tambaya, masu karantawa sun nemi izinin marubutan? An kuma roƙi direbobi su bar toshe kunne biyu a titi.