EP da Hausa, me za mu kira shi ne wai?

Jama'a don Allah ku sa baki. Ina rubutu kan wasu mawaƙan rok na Amurka, Alice in Chains, sai na maƙale a kan kalmar EP, wato extended play a Turance, tarin waƙoƙi kaɗan da bai kai cikakken kundi ba. EP ɗinsu Jar of Flies da suka fitar a Janairun 1994 waƙoƙi 7 ne kacal, duka-duka minti 30, cikin sati ɗaya suka naɗe shi a wani situdiyo a garinsu Siyatil, kuma yawanci jita ce mai sanyi ba irin hayaniyar da aka san su da ita ba, amma fitowarsa ke da wuya ya haye lamba 1 a jadawalin Billboard 200 na kundayen da suka fi kasuwa a Amurka, abin da wani EP bai taɓa yi ba kafin shi. In na ce kundi na ƙara masa girma, in na ce waƙa na rage shi. To yaya kenan?

Na ga amsoshinku, na gode.

Malam mai cewa somin taɓi, wallahi ta yi min daɗi a baki, kuma ta dace da irin Drill, EP ɗin mawaƙan rok na Ingila, Radiohead, na 1992, waƙoƙi 4, fitarsu ta farko, ko cikin 100 na farko bai shiga ba a Ingila, a 101 ya tsaya. Wannan kam somin taɓi ne. Amma su Alice in Chains fa sun riga sun yi manyan kundaye biyu, na biyun, Dirt, ya karaɗe ko'ina tun 1992, somin me kuma za a taɓa?

Guntun faifai kuwa ban yarda ba sam. Guntu ai abin da aka gutsure ne, kamar an yanko shi daga wani babba, alhali wannan aiki ne cikakke da aka tsara shi a haka. Kalmar faifai ɗin ma sai ta ja hankalin mutum zuwa garmaho, duk da dai can ne asalin abin, kamfanin faifai na RCA Victor ya fito da EP a 1952, faifan da ya fi na waƙa ɗaya tsawo, shi ya sa Bature ya kira shi mai ƙarin tsawo. Kun ga in muka bi fassarar kalma da kalma sai mu ce dogon faifai, mu rikita kowa.

Hajiya da ta ce a bar shi EP kawai tunda mawaƙanmu ma haka suke cewa, gaskiya ne, amma mai sauraron rediyo a ƙauye fa?

Ni dai na tsaya a ƙaramin kundi. Kundin waƙoƙi ya riga ya zauna a bakin 'yan jarida, ƙarami kawai muka liƙa masa, kuma jam'insa ba wahala, ƙananan kundaye. Haka zan rubuta, sai in sa EP sau ɗaya a farkon labarin don masu nema a intanet.