Hawan dutse a bayan gari don leƙa kwazazzabo: wa ya taɓa zuwa?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayana zai zo nan Damagaram daga Yamai da iyalinsa, yana son in kai su inda za su ɗan taka su sha iska, babu hayaniya. Fada da kasuwar Dole duk sun gani. Wanda ya taɓa fita wajen duwatsun bayan gari, inda ruwa ya ƙwaƙule ƙasa ya yi kwazazzabo, don Allah ya ba mu labari.

Mushe daga Mirya:
Wa alaikumus salam. Ni ta hanyarmu nake bi. Tsakanin Damagaram da Mirya kilomita 18 ne, kuma ba sai kun kai ba. Ku aje mota a gefen kwalta inda kuka ga tudun duwatsu, ku gaida mai gonar da ke wurin, ku nemi izini, shi zai nuna muku turbar makiyaya. Hawan ba shi da wuya, 'yan lakwal ɗina ma sun hau. Daga sama za ka ga yadda ruwan Agusta ya tsaga jar ƙasa ya bar yashi fari a gindi, gawo da aduwa sun jeru a bakinsa. Ba ka jin komai sai kukan kurciya da muryar yaro mai kiwo can nesa. Wannan shirun shi ke mayar da ni wurin.

Uwar Biyu:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ya manta ƙarangiya! Mun je bayan girbi da silifa, yarana suka yi ta kuka, zanena kuwa sai da na zauna na tsince shi. Ku sa takalmi rufaffe. Kuma kada yaro ya zura hannu ƙarƙashin dutse, akwai kunama, akwai kububuwa.

Alhaji na Zango:
'Yata, ƙarangiya mai sauƙi ce. Abin tsoro shi ne shiga cikin kwazazzabon da damina. Sama za ta yi tas a kanka, alhali an yi ruwa a wani gari, sai kawai ka ji ƙugi. Na ga ruwan ya tafi da akuyoyi a gabana. Bakinsa ma yana zabtarewa in ya jiƙa, ku tsaya a kan dutse ku kalla.

Ni a ganina, baƙo ya fara da duwatsun Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. Daga can za ku nuna wa yaran fadar Sarki da ragowar ganuwar zamanin Sarki Tanimun, ku gaya musu nan ce hedikwatar ƙasa kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Sai dai kada ku ɗaga waya wajen barikin soja.

Mushe daga Mirya:
Baba, Birni akwai tarihi, amma ƙarar kabu-kabu na bin mutum har sama. Shi shiru ya ce yana nema. Oktoba zuwa Nuwamba ya fi, ganye bai gama bushewa ba, hazo bai rufe gari ba. Afirilu da Mayu kam kada ku gwada, dutsen ƙuna yake tun hantsi.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Asabar bayan sallar asuba za mu fita da jarkar ruwa, Birni kuma da la'asar. Mushe, in kana gida mu biyo mu ɗauke ka.