Wane suna za mu raɗa wa "maikurogiliya" da Hausa?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu aikin fassara. Makon jiya muna rubuta takardar wayar da kai a kan gigin tsufa, wadda za a raba wa masu jinyar tsofaffi a nan cikin birnin Kano, sai kalma ɗaya ta tsaya mana a wuya, wato maikurogiliya.

Waɗannan wasu ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ke zaune a cikin ƙwaƙwalwa. Ba sa isar da saƙo kamar ƙwayoyin jijiya; aikinsu shi ne su yi ta miƙa 'yan rassansu suna lalube dare da rana, duk inda suka ci karo da matacciyar ƙwaya ko wani tarkace sai su haɗiye shi. Wani masani ɗan Sifaniya, Pío del Río Hortega, shi ne ya fayyace su a 1919. Asalin sunan Girkanci ne, ma'anarsa "ƙaramin gam", domin masanan dā sun ɗauka irin waɗannan ƙwayoyi manne jijiyoyi kawai suke yi. Saboda haka fassarar kalma da kalma ba za ta fisshe mu ba, tunda kuskuren magabata za mu kwafo.

Wani abokin aiki ya kawo "sojojin ƙwaƙwalwa", amma a asibitocinmu an riga an saba jin "sojojin jiki" idan ana maganar garkuwar jini, kuma shi soja sai yaƙi ya tashi ake ganinsa. Wata malama ta ce "masu shara". Wannan ya fi kusa, domin a nau'in gigin tsufan da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, wani furotin mai suna amiloid ne yake taruwa dunƙule-dunƙule a tsakanin jijiyoyi, waɗannan ƙwayoyi kuma su kewaye shi suna ƙoƙarin kwashewa. Sai dai mai shara ba ya dukan kowa, su kuwa idan suka daɗe a fusace suna fitar da sinadaran kumburi, har su riƙa cinye mahaɗar jijiyoyi masu lafiya.

Ni dai abin da ya kwanta mini shi ne "'yan sintirin ƙwaƙwalwa". Duk wanda ya taso a lungunan Yakasai ko Fagge ya san ɗan sintiri da fitilarsa da gorarsa, ya san yana hana ɓarawo sakat, kuma ya san ran da ya wuce gona da iri, ɗan unguwa mai dawowa daga aikin dare ne yake shan gorar. Sunan ya ɗauki amfanin, ya ɗauki ɓarnar.

Yana kuma sauƙaƙa mana bayanin gado. A 2013 aka gano cewa wani sauyi a ƙwayar gado mai suna TREM2 yana ninka haɗarin cutar kamar sau uku, kuma aikin TREM2 shi ne taimaka wa 'yan sintirin su gane tarkacen. Ke nan fitilar ce ta dusashe. Wata ƙwayar gadon kuwa mai suna APOE, wadda masana a Jami'ar Duke ta Amurka suka danganta da cutar a 1993, iri uku ce masu lamba biyu da uku da huɗu, kuma nau'in da ake kira na huɗu shi ne mai matsalar. A binciken da aka yi kan Turawa, wanda ya gaji guda daga uwa ko uba haɗarinsa yana ninkuwa kusan sau uku, wanda ya gaji biyu kuwa yana iya kaiwa sau goma.

A nan ne nake roƙon kada mu rubuta "ciwon gado". Gwaggona ta haura tamanin lokacin da ta fara maimaita sallar la'asar sau uku, tana tambayar ko Malam ya dawo daga kasuwa alhali ya shekara ashirin a ƙasa, kuma tun daga ranar da wani ya furta "ai na gado ne", 'ya'yanta suka shiga zullumi duk sanda suka manta inda suka ajiye makulli. Gigin da ke zuwa bayan shekara 65 ba haka yake ba. Akwai masu ɗauke da nau'i na huɗu da suke tsufa da hankalinsu garau, kuma binciken da aka fara a 1992, wanda ya kwatanta Yarabawan Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis na Amurka, ya nuna tasirinsa a Ibadan bai kai na can ba. Hawan jini da ciwon suga da shekaru duk suna da nasu kaso. Shi ya sa na fi son "gadon rauni", kamar katangar ƙasa mai tsaga, wadda faɗuwarta ta danganta da yaɓe da ƙarfin damina. "Ciwon gado" sai a bar wa nau'in da ba kasafai ake samu ba, mai kama mutum tun yana ɗan arba'in ko hamsin.

A takardar mun rubuta "'yan sintirin ƙwaƙwalwa" da "gadon rauni". Ranar Litinin za a kai ta maɗaba'a, don haka malaman Hausa na Jami'ar Bayero da likitocin ƙwaƙwalwa da ke tare da mu a nan, idan akwai gyara muna saurare kafin lokacin.