Musayar Waƙa: Jangis Han da Jikokinsa

Dattijon Zaure:
Assalamu alaikum. Ga baitocina kan faɗuwar Bagadaza a 1258. Mai amsa ya amsa.

Da sunan Allah zan fara kukana,
Kan Bagadaza da ta sha ƙonewa.
Hulaku na Mongol, jikan Jangis Han, ya zo da doki ba adadi,
Majaujawa na aiki, ganuwa na rushewa.
Halifa Musta'asim ya fito ya miƙa wuya,
Miƙa wuyan bai hana shi mutuwa.
A darduma aka naɗe shi, dawaki suka taka,
Don jinin sarki a wajensu ba ya zubewa.
An ce kogin Dijla ya yi baƙi da tawadar littattafai,
Mulkin Abbasiyawa na ƙarni biyar ya zo ƙarewa.

Ɗiyar Malam:
Baba, kukanka ya ratsa ni har zuciya,
Amma kakan Hulaku ya taso ne maraya.
Temujin na ɗan shekara tara,
'Yan ƙabilar Tatar suka ba ubansa guba a kan hanya.
Dangi suka kora dabbobi suka yi gaba,
Suka bar uwa da yara can baya.
Uwar, Ho'elun, na tonon saiwa a gaɓar kogin Onon,
Da ita da ƙananan kifi ta rayar da 'ya'ya.
Masu labarinsu sun ce da gudan jini a tafi aka haife shi,
Kuma asalinsu kyarkeci ne, barewa ce amarya.
Kakarsu ta ba 'ya'yanta biyar kibiya ɗai-ɗai,
Kowa ya kama tasa ya karya.
Ta ɗaure biyar wuri guda ta miƙa,
Suka yi ta fama, ba wanda ya iya.
A 1206 aka naɗa Temujin Jangis Han,
Ƙabilun da ke gaba suka zama tsintsiya.

Malamin Tarihi:
Baba da 'yata, kun kawo naku, sannu,
Sai dai ba duk abin da aka ji ne ya faru ba.
Kisan Bagadaza ya tabbata, ba musu,
Baƙin Dijla na baya suka faɗa, ba su gani ba.
Ku koma Otrar, gari a daular Hawarizm, shekarar 1218,
Ayarin fataken Jangis ya shiga, bai fito ba.
Gwamnan garin ya kashe su ya kwashe kaya,
Sarki Muhammadu na Hawarizm bai hukunta shi ba.
Aka aiko manzo neman hakki,
Shi ma manzon bai koma gida da rai ba.
Buhara da Samarƙand suka biya a 1220,
Talakan da ya mutu bai san hawa ba, bai san sauka ba.
Marubucin tarihi Ibnul Asir ya daɗe yana gudun rubuta labarin,
Har ya ce ina ma uwarsa ba ta haife shi ba.
Jangis ya mutu a 1227,
Kabarinsa har yau ba a gano shi ba.

Dattijon Zaure:
Malam, na karɓi gyaran Dijla da hannu biyu,
Amma laifin gwamna ɗaya ya ci birane da yawa?
'Yata, maraici ba ya wanke jinin marayu,
Wanda ya sha ɗacinsa ya fi cancantar tausayawa.
To wa ya tare su ne daga ƙarshe?
Na ga kamar ba mai iya tsayawa.

Autan Zaure:
Kaka, akwai masu tsayawa, ga su:
Ainu Jalut, 1260, a ƙasar Falasɗinu.
Sarki Kuɗuz da kwamandansa Baibaras suka fito daga Masar,
Kitbuka, kwamandan Hulaku, ya faɗa hannu.
Berke kuma, ɗan wan uban Hulaku ne,
Ya musulunta, zancen Bagadaza ya hana shi sukunu.
A 1262 suka gwabza, jika da jika,
Gidan Jangis ya fara rabuwa sannu-sannu.
Gazan, jinin Hulaku, ya musulunta a 1295,
Labarin ya cika Farisa, ya shiga kowane kunnu.
Wazirinsa Rashiduddin ya rubuta tarihinsu,
Da Farisanci, da zane-zane masu launu.

Ɗiyar Malam:
Auta, ka matse wa "sukuni" da "kunne" da "launi" wuya don amsa-amo, amma baitin Berke ya yi.

Dattijon Zaure:
Berke, Allah ya ji ƙanka, ka yi kishi,
Gazan, Allah ya karɓi tubanka da dawowa.
Hulaku kuwa, shari'armu da shi na gaban Allah,
Ni dai a bakina ba shi da yabawa.