Ina ake kai yara yawo a Kuala Lumpur ba tare da aljihu ya huje ba?

Maman Hanif:

Slm jama'a barkanmu da warhaka. Don Allah waɗanda suka daɗe a Maleshiya ku agaza min da shawara. Wata 4 kenan da zuwanmu Kuala Lumpur, Abban Hanif yana digiri na uku a jami'ar Musulunci ta Gombak mu kuma muka biyo shi ni da yara uku, babban shekararsa 9, mai bi masa mace ce 6, sai na goye. Muna zaune a Taman Melati hawa na 14, wlh tun da muka sauka ƙasar nan in ka ɗauke kantin da muke cefane da masallacin makaranta babu inda muka taɓa zuwa sai KLCC, wato tsakiyar gari inda tagwayen benen Petronas suke, sau biyu, shi ma hoto muka yi a gaban tagwayen benen muka sha askirim mai shegen tsada muka juyo. Yaran nan a Kano sun saba da tsakar gida, su shiga gidan kaka su faɗa gidan maƙota, nan kuwa daga falo sai ɗaki sai leƙen taga, guje-gujensu har ya sa matar da ke ƙasanmu ta hawo ta yi mana magana, cikin mutunci dai amma na ji kunya.

Abbansu ya ce ya ba mu duk ranar Asabar, to amma shi ma ɗin ban da laburare babu inda ya sani. Ba mu da mota, kuɗin kuma kun san na ɗalibi ne da ake canzo shi daga naira. Ina za mu je da yara a jirgin ƙasa, wurin da ba sai an yanki tikiti mai tsada ba, akwai wurin sallah kuma mutum zai ci abinci hankalinsa kwance? Ni fa na gaji da mol, unguwannin mutanen gari nake son gani, inda suke zama da kasuwanninsu.

Hajiyar Serdang:

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da baƙunta. Kin ba ni dariya da zancen KLCC, kin je bakin rijiya kin dawo da ƙishirwa. Bayan mol ɗin nan da kuka sha askirim akwai lambu guda, KLCC Park, in kin fito ta ƙofar da ke kallon tafki kin shiga kenan. A ciki akwai filin wasan yara ƙato da lilo da sulɓi, ga wani ruwa marar zurfi da aka yi don yara su yi ta facal-facal, duk kyauta ne ko sisi ba a karɓa. Ki tafi musu da kayan canji da tawul kawai. Masallacin As-Syakirin yana gefen lambun, ɓangaren mata akwai hijabin sallah da suke ajiyewa, telekung suke ce masa. In kun kai dare, ƙarfe 8 ake kunna ruwan nan mai rawa da fitilu kala-kala.

Amma kafin komai ki gyara lokacin fita, nan ne baƙi ke shan wahala. Garin nan ba a fita da yara ƙarfe 12, rana ce mai haɗe da gumi ba irin tamu busasshiya ba, yaro sai ya yi laushi ya fara rigima, sannan da yamma hadari ya haɗo cikin minti kaɗan a sheƙe da ruwa da tsawa. Mu dai in za mu fita ana sallar asuba nake ɗora girki, ƙarfe 8 muna hanya, kafin azahar da ake yi wajen ɗaya da kwata mun shige inuwa. Ko kuma ki bari sai bayan la'asar tunda magariba sai bakwai ta wuce. Lema kuwa kada ta bar jakarki.

Kuma kin yi dacen unguwa, LRT ɗin, jirgin ƙasa na cikin gari, da ya bi ta Taman Melati shi ne layin Kelana Jaya, tasha ta 8 daga wajenku ita ce KLCC babu sauyin jirgi. Jirgin ba shi da direba, ki kai yaran tagar gaba can, in ya wuce Damai ya nutse ƙarƙashin ƙasa za ki ji ihun murna, nawa har suka girma wannan tagar suke wa faɗa. Kowa a yi masa katin Touch 'n Go ku huta da layin yankar tikiti. Ba a ci ba a sha a cikin jirgi, ki ja musu kunne.

Unguwar da kike nema kuma tasha ɗaya ce gaba da KLCC, Kampung Baru. Tun 1900 Turawan Ingila suka ware wa Malayawa ita, garin ya girma ya kewaye ta amma mutanen suna nan, za ki ga gidan katako a kan ƙafafu, ayaba da kwakwa a tsakar gida, kaji na kiwo, ki ɗaga kai ki ga tagwayen benen mai hawa 88 a saman kwanon rufi. Ni duk sanda na shiga sai ta tuna min lungunan cikin birni, kowa ya san kowa. Akwai gadar ƙafa Saloma da aka buɗe a 2020, ta ita ma za ku iya takowa daga ɓangaren KLCC. Abinci a nan ki ci ido rufe, unguwar Musulmi ce. Nasi lemak shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa, a sa gyaɗa soyayya da ƙananan kifi da ƙwai da kokwamba da miyar barkono da suke kira sambal. Sambal ɗin akwai belacan a ciki, daddawarsu ce amma da ƙananan jatan lande ake yinta, in akwai wanda jikinsa ba ya son kayan teku a kula. Ki gwada sate ma, tsire ne ƙanana a tsinke amma maimakon ƙuli-ƙuli miyar gyaɗa ake tsomawa, kuma da zaƙi-zaƙi, maigidana har yau cewa yake wulaƙanta nama ne a sa masa sukari, yara kuwa sai kin ƙwace. Da azumi masallacin unguwar yana raba fate-faten shinkafa da nama, bubur lambuk, layi ake bi sosai.

Abu Sumayya:

Hajiya ta gama magana, ni ƙari kawai zan yi wa Malam Abban Hanif tunda shi ne jagoran tafiya. Wata Asabar ɗin ku wuce har tashar Masjid Jamek a layin naku. Kuna fitowa ga masallacin nan na 1909 a daidai inda kogin Gombak ya haɗu da kogin Klang, daga nan sunan garin ya samo asali, Kuala Lumpur ma'anarsa mahaɗar ruwa mai taɓo. Ka nuna wa Hanif ka ce masa ruwan da ya taso daga ɓangaren unguwarku ne ya iso nan, yara suna son irin wannan. Taku kaɗan ne zuwa Dataran Merdeka, filin da aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tasu ranar 31 ga Agusta 1957, wato sun riga mu samun 'yanci da shekara 3, ga ciyawa shimfiɗe yara su yi ta gudu babu mai hawowa ya yi magana. Tsallaken titi ginin Sultan Abdul Samad ne mai agogo. Ta ɗaya ɓangaren kuma Jalan Masjid India, layin 'yan yadi da mayafai da turare, kada ka shiga da Maman Hanif in alawus bai shigo ba, na faɗa maka gaskiya.

Wurin da ni na fi so shi ne gidan kayan tarihin Musulunci da ke kusa da Masjid Negara, babban masallacin ƙasar. Shi kam ana biya amma bai kai na su Aquaria, gidan kallon kifaye, ba, ga sanyi, ga tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu, ga ɗakin da aka ƙera manyan masallatan duniya ƙanana har da Harami, 'yata ta fi rabin awa tana neman ƙofar da kakarta ta ce ta nan ta shiga. Ku yi azahar a Masjid Negara, rufinsa kamar buɗaɗɗiyar lema, 1965 aka gama shi. Lambun Perdana yana sama da su amma hawa ne, da goyo gara ku kira Grab, motar haya da ake kira ta waya.

Abu biyu na kiyayewa. Yawancin wuraren tikiti farashi biyu ne, na ɗan ƙasa mai MyKad daban na baƙo daban, gidan zu da gidan tsuntsaye duk haka ne, mutum biyar in ka lissafa sai ka ji a jikinka, ka dinga tambaya ko suna rage wa mai katin ɗalibi. Na biyu ka riƙa fita da takardunku, an taɓa tsayar da ni a bakin wata tasha ina riƙe da hannun yarinya, da ban ɗauko komai ba da ranar ta lalace. Batun abinci kuma in kun shiga Petaling Street, unguwar 'yan Sin, ku sha kallo ku yi ciniki amma ci sai inda kuka ga tambarin halal na JAKIM, hukumar addinin Musulunci ta ƙasar, ko ku nemi shagon mamak, Indiyawa Musulmi ne, roti canai (gurasarsu ce) da teh tarik (shayi mai madara) ko'ina akwai su.

dan_zazzau:

Anti ba wanda ya ce miki Batu Caves?? ai kusa da ku ne sosai Grab ba zai ci kuɗi ba. Matakala 272 ce an yi musu fenti kala-kala, sama kogo ne ƙato cikin dutse, babban kogon ba a biyan kuɗin shiga. Sai dai birai!! ni biri ya fizge min ledar burodi da lemo ya hau ƙarfe ya buɗe murfin a gabana yana sha yana kallona, kada ki bari yaro ya riƙe leda ko abin ci a hannu

Abu Sumayya:

Ɗan Zazzau ka faɗi rabi ka bar rabi. Wurin bautar Hindu ne, akwai gunki mai tsawon sama da mita 40 a bakin matakalar kuma cikin kogon ma ibadarsu suke yi. Ni ban kai iyalina ba, wasu abokaina sun kai sun ce dutse suka je gani. Kowa da fahimtarsa, amma a gaya wa mutum kafin ya je ya gani da idonsa.

dan_zazzau:

Haka ne Malam na manta ban faɗa ba afuwan. Kuma in za a je a guji lokacin bikinsu na Thaipusam wajen ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, ko wurin sa ƙafa babu

Hajiyar Serdang:

Ku bar ta da matakala 272 da goyo a baya, so kuke a kwaso ta? Ƙanwata na manta ban gaya miki Chow Kit ba, alhali ita ce ta fi miki amfani. Daga masallacin Kampung Baru in kin miƙe titin Raja Alang da ƙafa za ki faɗa kasuwar. Kasuwa ce irin tamu, ƙasa a jiƙe, ƙarnin kifi, ana kiran ciniki, kada ki sa dogon hijabi mai jan ƙasa. Akwai naman akuya da na sa da kayan ciki da ƙafar sa, ga kuɓewa suna ce mata bendi, rogo ubi kayu, ga attaruhu irin nasu ƙanana masu azabar yaji. Abin da kike saya a leda a kanti nan za ki same shi a tuli. Ki koyi berapa wato nawa ne, da terima kasih na godiya, dattijuwa ki ce mata makcik dattijo pakcik, kamar dai ki ce inna ko baba, wlh sai ki ga fuska ta sake har gyara a yi miki. Wajen abinci ki ce tak mau pedas in ba kya son yaji, shayi kuma kurang manis don sukarinsu ba na wasa ba ne.

Sannan ki tambayi ita maƙociyar taki da ta hawo wace rana ce pasar malam ɗin unguwarku, kasuwar dare ce da ke ci sau ɗaya a sati, ana rufe titi a kafa rumfuna. Da wannan tambayar ma sai ku shirya. Za a kalle ku kam, wasu har su ce za su yi hoto da jaririn ko su taɓa kitson yarinyar, yawanci sha'awa ce ba wani abu ba, in ba ki so ki yi murmushi ki girgiza kai. Maganin sauro na shafawa ki riƙe shi da gaske in za ku lambu, sauron dengi da safe da yamma yake cizo ba sai dare ba, ɗana ya kwanta asibiti a kansa ban so ko maƙiyina ya gani. In kun samu sarari ku hau jirgin MRT ku zo Serdang mu kai ku Putrajaya ku ga jan masallacin nan na bakin tafki, in yi miki tuwo.

Maman Hanif:

Jama'a na dawo da rahoto, Allah ya saka muku da alheri. Jiya muka fita, sai dai ƙarfe 8 ɗin Hajiya ta zama tara da rabi saboda takalmin Hanif ƙafa ɗaya da ya ɓata. Tagar gaba kam sai da aka yi rabon faɗa. Ruwan KLCC awa biyu suka yi a ciki, ni ina zaune a inuwa wata makcik mai jika ta ba ni ɗan itacen nan nasu rambutan muna ta hira da hannu, ita ba Turanci ni ba yarensu. Bayan azahar muka tsallaka Kampung Baru, na ce tak mau pedas mai abincin ta yi dariya ta gyara min faɗar, duk da haka yarinyar sai da ta sha ruwa kofi biyu. Abbansu ya goyi bayan Alhajin Hajiya a kan sate, amma shi ya cinye tsinke goma. Chow Kit ba mu kai ba, ruwa ya tare mu wajen ƙarfe huɗu muka fake a rumfar wani mai wankin babur kusan minti arba'in, lemar kuwa tana gida a bayan ƙofa inda na ajiye don kada in manta.

Hajiya tuwon nan da garin me kike yinsa a nan, kuma kuka a ina kike samu? Tawa da na taho da ita saura ta miya biyu.