Wuyan hannun yarinyata na ciwo tun da ta fara jimnastik: wa ya taɓa ganin irin haka?

Maman Auta, Abuja

Assalamu alaikum iyaye. Autata shekararta tara, tana zuwa horon jimnastik, wasan nan na alkafura da lanƙwasa jiki, a wani wuri kusa da unguwarmu. Tana son abin kamar me, ko a falo ba ta tafiya da ƙafa sai da hannu. To kwanan nan ta fara kukan wuyan hannunta na dama, ta gefen babban yatsa. Ba kumburi, ba ta faɗi ba, amma da ta dafa ƙasa sai ta yamutsa fuska. Na yi wa kocinsu magana, ya ce duk yara haka suke yi, jiki ne ke sabawa, ya naɗe mata hannun da bandeji ta ci gaba. Babanta kuwa ya ce a cire ta kawai, tun ba a kawo mana ita a karye ba. Don Allah wanda ɗansa ya taɓa shiga irin wannan ya ba ni labari.

Uwar Biyu, Manchester

Wa alaikumus salam Maman Auta. Kamar kin shiga gidana kin ɗauko labarin babbar 'yata. Ita ma wuyan hannu ne, kuma ita ma ba faɗuwa ta yi ba. Da muka je asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, likitan ya nuna min wani siririn layi kusa da ƙarshen ƙashin hannun. Ya ce a nan ƙashin yaro yake tsiro, wurin guringuntsi ne bai gama ƙwari ba, kuma wuyan hannu ba a yi shi don ɗaukar nauyin jiki gaba ɗaya ba. Idan yaro yana ta dafa ƙasa yana dirowa a kan hannu kullum, wurin nan ne ke gajiya. Idan aka ƙi hutawa yana iya rufewa da wuri, ƙashin ya daina tsawo, na kusa da shi ya fi shi. Nan jikina ya yi sanyi.

Maganin da aka ba mu shi ne hutu. Ta yi makonni ba ta ɗora nauyi a hannun ba, amma ba ta bar zuwa ba: tana yin abin da ya shafi ƙafa da ciki da miƙa jiki. Daga baya aka dawo da ita a hankali. Yau lafiya lau.

Bandejin da aka naɗa mata shi ya fi damuna a labarinki, don ɓoye ciwon yake yi kawai. A nan Ingila an daina wasa da maganar "haka kowa yake yi". A 2022 aka fitar da rahoton binciken da lauya Anne Whyte ta jagoranta a kan hukumar jimnastik ta Birtaniya, mutane sama da 400 suka ba da bayani. An samu yaran da aka sa su horo da rauni a jikinsu, da waɗanda aka hana ruwa ko zuwa bayi, da waɗanda ake ɗora wa ma'auni ana yi musu gorin ƙiba. Tun daga nan iyaye suka buɗe ido.

Baban Samari, Kano

Mu nan ba mu da wani zauren horo, amma alkafura kam yaranmu sun iya. Duk inda aka sauke tifar yashi a layi, kafin magina su zo yara sun jingina tsohuwar taya sun mai da ita abin tashi sama. A nan na biyu a 'ya'yana ya diro a kan hannu, ƙashin ya karye tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Ina kasuwa, kafin in dawo an kai shi wajen mai ɗori, an ɗaure da karare tamau. Da daddare yaro ya kasa barci, yatsun sun kumbura sun yi sanyi, launinsu ya fara sauyawa, in ka taɓa ya ce bai ji ba. Wani maƙwabcinmu ma'aikacin jinya ne ya ce a kwance ɗaurin nan take, da asuba muka wuce asibitin ƙashi na Dala. Likitan ya ce ɗaurin ya tare jini, da mun ƙara jinkiri da sai dai a yi maganar yanke hannu.

Ban zo zagin masu ɗori ba, sana'ar gado ce. Amma ƙashin yaro a fara kai shi hoto. Kuma Maman Auta, ki gode wa Allah taki a kan katifa take yi. Ko kin cire ta, alkafurar ba za ta daina ba, sai dai ta koma yi a kan tayil ɗin falo.

Hajiya Kaka

Ni dai ina bayan babanta. 'Ya mace da tsalle-tsalle har ƙashi ya fara ciwo, me ake nema? Jikata ma an sa ta, ranar da na je kallo na ga an ɗora ta a kan wani siririn katako sama da ƙasa, ban iya ƙarasa kallon ba, fita na yi na zauna a mota.

Tsohon Ɗan Wasa, Kaduna

Ranki ya daɗe Hajiya Kaka, katakon nan faɗinsa santimita 10 ne, tsayinsa a gasar manya santimita 125, dole gabanki ya faɗi. Amma yaro ba a can yake farawa ba. A kan layin da aka ja a ƙasa ake farawa, sai katako mai kusa da ƙasa, sai a ɗaga kaɗan da katifu a ƙarƙashi. Duk wasan haka yake, mataki-mataki. Na yi wasan nan ina saurayi, yanzu ina koya wa yara a ƙarshen mako, kuma raunukan da na gani da idona mafi yawansu daga gaggawa suka fito. Gasa ta matso, ko iyaye sun biya kuɗi suna son ganin alkafurar baya a bidiyo, sai a tsallake mataki. Wani uba ya taɓa cire ɗansa daga wajena don na ƙi barinsa ya juya ta baya. Yaron bai iya tsayuwa a kan hannu da kyau ba, kafaɗarsa ba ta yi ƙarfi ba. Na gwammace in rasa kuɗin.

Duk wanda ya yi wasan nan ya san labarin Elena Mukhina ta Tarayyar Sobiyet. Ita ce zakarar duniya a 1978. Ta karye a ƙafa, aka matsa mata ta koma horo ƙafar ba ta gama warkewa ba saboda gasar Olamfik ta Mosko ta 1980. Ana saura makonni kaɗan ta faɗo a kan haɓarta, wuya ya karye, ta shanye daga wuya zuwa ƙasa har ta rasu a 2006. Salon da take gwadawa daga baya an haramta wa mata shi.

Maman Auta, idan kin je, ki durƙusa ki danna katifar da hannunki. Idan kin ji siminti ta cikinta, soson ya mutu. Ki duba tsakanin katifu, ramin da ke buɗewa in sun zame shi ke cin idon sawu. Ki ga yara nawa ne a hannun koci ɗaya, kuma in yaro zai gwada sabon abu kocin yana tsaye dab da shi da hannu a shirye, ko yana gefe yana danna waya. Ki lura da ƙarshen horo musamman, lokacin da yara suka gaji, a nan ake faɗuwa. Tsagewar tafin hannu daga lilo a ƙarfe kuwa ba abin tashin hankali ba ne, a wanke a rufe, daga baya hannun zai yi kanta.

Anti Mai Gashin Ƙashi, Zariya

Gashin ƙashi ne aikina a asibiti, kuma ɗana ma yana yin jimnastik. Bayan wuyan hannu, ciwo biyu nake yawan gani a yara masu tasowa: dunduniya, da ƙasan ƙoƙon gwiwa inda ƙashi ke ɗan tasowa. Duka wuraren tsiron ƙashi ne, yawanci hutu da rage dirowa ke maganinsu. Wanda ba na so a yi wasa da shi shi ne ciwon ƙugu da ke ƙaruwa in yaro ya lanƙwasa ta baya. Wata yarinya da aka kawo min, an daɗe ana shafa mata man zafi ana cewa gajiya ce, ashe wani ɗan ƙashi a bayanta ne ya tsage. Ciwon tsoka bayan horo yakan bi jiki duka ya wuce cikin kwana biyu zuwa uku. Ciwon da yaro zai nuna miki da yatsa ɗaya, a wuri ɗaya, kullum, wannan na likita ne.

Sai abu ɗaya da nake roƙon kowa ya riƙe. In yaro ya faɗo ta ka ko ta wuya, kada a ɗaga shi, kada a ja shi a ce tashi ka miƙe, kada a saɓa shi a kafaɗa a hau babur. A riƙe kansa yadda yake har a samu masu ɗauka a kan abu mai tauri. In ya bugu a ka yana amai, ko jiri, ko maganarsa ta rikice, asibiti kai tsaye, kuma ba ya komawa horo ranar.

Maman Yasmin, Maryland

Ni tsorona ba ƙashi kaɗai ba ne. A nan Amurka aka yi Larry Nassar, likitan tawagar jimnastik ta ƙasa, wanda ya yi shekaru yana lalata da 'yan mata da sunan magani, aka yanke masa ɗaurin da ya kai shekara 175 a 2018. Yara sun yi magana tun da wuri, manya ne ba su saurara ba. Shi ya sa inda 'yata ke zuwa na tabbatar akwai gilashin da iyaye ke kallo ta ciki, kuma babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai. Wurin da aka ce iyaye su tsaya a waje a rufe ƙofa, ban bar 'yata a can ba.

Hajiya Kaka, in har da maganar sutura a ranki, tawa doguwar riga mai kama jiki har idon sawu take sawa, irin wadda 'yan wasan Jamus suka sa a Olamfik ta Tokyo a 2021, da ɗan hijabi na wasanni marar allura. Mayafi mai lilo ko leshi hatsari ne, yana iya maƙalewa a ƙarfe. A gasar nan ce kuma Simone Biles, fitacciyar 'yar jimnastik ta Amurka, ta janye da ta ji ta daina gane inda take a sama in ta juya. Na nuna wa 'yata bidiyon na ce mata, in wannan ta iya cewa yau ba zan yi ba, ke ma kina iya gaya wa koci.

Maman Auta, Abuja

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun je an ɗauki hoton. Abin da Uwar Biyu ta faɗa ne, amma likita ya ce an zo da wuri, ya hana ta ɗora nauyi a hannun sai mun koma ya sake dubawa. Na kai wa kocin takardar, ya karanta ya ce to ta zauna gida har ta warke, ba shi da wani horo na daban da zai ba ta. Na kuma danna katifar kamar yadda Malam na Kaduna ya ce, biyu daga ciki sun mutu murus. Babanta ya yarda ta ci gaba, amma ba a can ba. 'Yan Abuja, wanda ya san wurin da ake barin iyaye su zauna su kalla, kuma koci ɗaya ba ya riƙe yara rututu, don Allah ya yi min magana ta akwatin saƙo.